Hanyar Ƙafa Ma Dukiyar Ƙasa Ce: Darasi Daga Yankin Tafkunan Ingila

Watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne muke kira bazara a nan Arewa, lokacin da rana take ƙwallewa, rijiyoyi su ja baya, kowa ya shiga neman inuwa yana duban gabas ko zai hango hadari. A ƙasar Ingila kuwa waɗannan watanni su ne na fita daga ƙangin sanyi, inda dusar ƙanƙara take narkewa daga kan tsaunuka, itatuwa su yi sabon toho, tumaki su haihu, yini ya riƙa ƙara tsawo har ta kai a ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a arewacin ƙasar sai bayan ƙarfe tara na dare. Masu fassara kan kira wannan lokaci nasu da sunan bazara saboda watannin sun zo ɗaya, amma in don yanayi ne ya fi kama da farkon daminarmu, sa'ad da ƙasa ta sha ruwan fari ta soma yin kore. A daidai wannan lokaci ne dubban mutane suke ɗaura takalman tattaki su nufi wani yanki da ke Cumbria, a arewa maso yammacin ƙasar, wanda suke kira Lake District, wato Yankin Tafkuna.

Na zaɓi in yi magana a kan wannan yanki ne ba don in yi wa Turawa tallan yawon buɗe ido ba, domin ba su rasa masu yi musu. Dalilina shi ne da yawa daga cikinmu da kan je Ingila karatu ko taro ko ganin likita, iyakarmu kantunan Landan da Manchesta, alhali daga Landan tafiyar kimanin awa uku ce a jirgin ƙasa zuwa bakin wannan yanki, kuma akwai abin koyi a wurin da ya fi tsarabar kanti amfani. Abin koyin nan kuwa ba kyan tafki ba ne, domin tafki da tsauni halittar Allah ce, kuma bai hana mu namu ba. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba shi ne siririyar hanyar ƙafar da take kai talaka bakin ruwan, ta ratsa gonar mai kuɗi, ba wanda ya isa ya ce masa ya koma. Wannan hanya mutane ne suka yi jayayya a kanta fiye da shekara ɗari, suka rubuta ta a doka, suke kuma kashe kuɗi da gumi wajen gyaranta har yau.

Bari in fara da bayyana wurin ga wanda bai san shi ba. An mai da yankin gandun shaƙatawa na ƙasa a 1951, kuma bayan faɗaɗa shi da aka yi a 2016 girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,362. A cikinsa ne tsaunin da ya fi kowane tsawo a Ingila yake, wato Scafell Pike mai mita 978, da tafkin da ya fi kowane girma, Windermere, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 18, da kuma wanda ya fi kowane zurfi, Wastwater, mai mita 79. Mazauna yankin kimanin 40,000 ne kacal, amma baƙin da suke karɓa a shekara sun haura miliyan 15. Ruwan sama ne ya yi wa wurin gata, domin a ƙauyen Seathwaite ruwan da kan sauka a shekara ya wuce milimita 3,000, wato fiye da ninki uku na abin da Kano take samu. Sai dai adadin da ya fi jan hankalina shi ne na hanyoyin ƙafa da na dawaki waɗanda doka ta tabbatar wa jama'a, da jimlar tsawonsu ta zarce kilomita 3,000 a cikin wannan ɗan yanki kaɗai.

Hanyoyin nan iri-iri ne, kowa da daidai ƙarfinsa. Mai iyali da ƙananan yara zai iya kewaya ɗan tafkin Tarn Hows, tafiyar kimanin kilomita 3 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ko keken guragu yana bi. Wanda ya ɗan fi haka kuzari sai ya zagaye tafkin Buttermere, kimanin kilomita 7, idan kuma a watan Mayu ne ya ƙarasa kwarin Rannerdale da ke kusa, inda wani shuɗin fure yake rufe gangaren dutse baki ɗaya na 'yan makonni. A gefen tafkin Derwentwater akwai tsaunin Catbells mai mita 451, wanda yawancin yara suke fara koyon hawa da shi, daga ƙololuwarsa ana hango tafkin da tsibiransa da garin Keswick. A tafkin Ullswater an buɗe wata hanya a 2016 mai tsawon kilomita 32 da ta kewaye ruwan, ta bi ta Aira Force inda ruwa yake zubowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 20, kuma wanda ya gaji a tsakiya yana iya shiga jirgin ruwa ya ƙarasa. A bakin wannan tafki ne mawaƙin nan William Wordsworth da ƙanwarsa Dorothy suka ga wasu furanni masu ruwan ɗorawa a ranar 15 ga Afrilu, 1802, abin da ya haifar da waƙarsa da ta fi shahara, har yau kuma mutane suna zuwa wurin a watan Maris da Afrilu don su ga furannin. Masu ƙarfin zuciya su ne suke hawa Helvellyn mai mita 950, inda ko a Afrilu akan tarar da ƙanƙara a sama alhali ƙasa ta yi ɗumi, shi ya sa ƙungiyoyin ceto na 'yan sa kai, waɗanda ba albashi suke karɓa ba, ba sa rabuwa da aiki a wannan lokaci.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa tun fil azal haka abin yake, kowa yana shiga inda ya ga dama. Tarihi bai nuna haka ba. Shi kansa Wordsworth, wanda ya rubuta littafin jagora ga baƙin yankin tun 1810, ya kuma nuna cewa wurin na al'ummar ƙasa ne baki ɗaya, da aka tashi kawo layin dogo zuwa Windermere a 1844 sai ya fito yana adawa, don gudun kada ma'aikatan masaƙu na biranen Lancashire su cika wurin su ɓata masa natsuwa. Bai yi nasara ba, jirgi ya iso a 1847. Bayan haka sai hukumar birnin Manchesta ta samu izinin majalisa a 1879 ta datse tafkin Thirlmere don samar wa birnin ruwan sha, aikin da aka kammala a 1894, ruwan yana gangarawa da kansa tafiyar kimanin kilomita 154 ba tare da injin turawa ba. Waɗanda suka yi adawa da wannan madatsa sun sha kaye, amma kayen ya koya musu cewa koke-koke a jarida ba sa kare fili, sai an kafa ƙungiya an nemi doka.

A 1887 wasu masu filaye a kusa da Keswick suka toshe hanyoyin da mutane suka saba bi zuwa kan tsaunin Latrigg. Mutanen gari ba su tsaya ga guna-guni ba, kimanin mutum 2,000 suka yi jerin gwano suka cire shingen suka hau, maganar ta kai kotu, a shekarar da ta biyo baya aka sasanta aka bar wa jama'a hanya zuwa ƙololuwar. Ɗaya daga cikin jagororin wannan fafutuka a yankin, wani limamin coci mai suna Hardwicke Rawnsley, shi ne ya haɗu da Octavia Hill da Robert Hunter suka kafa ƙungiyar National Trust a 1895, da nufin sayen wurare masu kyau ko masu tarihi a riƙe su amana don jama'a. Fili na farko da ƙungiyar ta saya a yankin shi ne Brandelhow a bakin Derwentwater a 1902, da kuɗin karo-karo, har da na leburorin masana'antu da suka ba da 'yan sulallansu. A 1932, a wani yankin tsaunuka da ke kusa da Manchesta, ɗaruruwan matasa ma'aikata suka kutsa kan tudun Kinder Scout wanda attajirai suka keɓe don farautar tsuntsaye, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 majalisa ta yi dokar da ta kafa gandayen shaƙatawa na ƙasa, sa'annan a 2000 ta ƙara wata da ta ba kowa damar yawo da ƙafa a kan tsaunuka da makiyayun gayya ko da babu hanya a shate. Daga Latrigg zuwa wannan doka ta ƙarshe shekara 113 ke nan.

Muhimmin abin da dokar 1949 ta yi, a nawa ganin, shi ne tilasta wa ƙananan hukumomi su bi kowace hanyar ƙafa su zana ta a taswira ta hukuma. Da zarar hanya ta shiga wannan taswira ta zama hujja a gaban alƙali, kuma matsayinta a doka ɗaya ne da na babban titin mota. Ko gonar ta canja hannu sau goma, hanyar tana nan, wanda ya saya ya saya da ita. Toshe ta laifi ne. Manomin da ya yi huɗa ya bi ta kanta, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda za a iya bi. Idan kuma jama'a suka shekara 20 suna bin wata hanya a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, mai filin bai hana ba, to ana iya neman a shigar da ita taswirar. Shi ma mai tafiya da nasa sharaɗin, ba zai kauce ya tattake shuka ba, zai rufe ƙyauren da ya tarar a rufe, zai kuma ɗaure karensa a lokacin haihuwar tumaki. Ba wai Baturen mai gona ya fi namu son baƙo ya ratsa masa fili ba ne, takarda ce ta ɗaure shi, kuma ya san akwai ƙungiyoyin masu tattaki da za su kai shi ƙara.

Bayan doka sai rubutu. Wani akawu mai suna Alfred Wainwright ya fara zuwa yankin a 1930 yana ɗan shekara 23, ya hau ɗan tudun Orrest Head da ke bayan tashar jirgin Windermere, abin da ya gani ya sa daga baya ya nemi aiki a garin Kendal, inda ya zama ma'ajin hukumar garin. A ranakun hutunsa ya bi tsaunuka 214 ɗaya bayan ɗaya, ya zana kowace hanya da hannunsa, ya rubuta bayaninta da alƙalami, aka buga su littafi bakwai tsakanin 1955 da 1966, kuma har gobe ana sayen su. Ina kawo misalinsa ne domin ma'aikacin ofis ne kamar yawancin masu karanta wannan shafi, ba gwamnati ce ta ba shi kwangila ba, bai kuma jira an kafa kwamiti ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi kusa da mu, wato na makiyaya. Koren da baƙo yake gani a tsaunukan nan da katangun duwatsun da aka jera ba siminti, duk aikin masu kiwon tumaki ne na ɗaruruwan shekaru. Suna da wani irin tumaki mai jure sanyi da ake kira Herdwick, waɗanda ake haifa baƙaƙe su riƙa yin fari-fari suna girma. Ana sakin su a makiyayar gayya da ba ta da shinge, amma kowane garke ya san iyakar inda yake kiwo, uwa ce take koya wa 'yarta, ita ma ta koya wa tata. Kowane gida yana da shaidarsa ta tsaga a kunne da ta fenti a gashi, an kuma tattara shaidun a littafi tun 1817 don a san mai tunkiyar da ta ɓata. Marubuciyar littattafan yara Beatrix Potter ta zuba ribar littattafanta wajen sayen gonakin yankin don kada a yanka su a gina gidaje, da ta rasu a 1943 ta bar wa National Trust fili eka 4,000 da gonaki fiye da goma, da sharaɗin a ci gaba da kiwon waɗannan tumaki. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, wannan tsarin noma da kiwo yana cikin manyan dalilan da ta bayar.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da wata shekara. A 1965 majalisar Ingila ta yi dokar da ta wajabta yin rajistar duk makiyayun gayya, da sunan kowane mai haƙƙin kiwo da adadin dabbobin da zai saka. A wannan shekara ta 1965 ita ma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu. Su sun bi tasu sun cika rajista, yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Yankin Tafkuna makiyayar gayya ce da aka san iyakarta. Mu kuwa an ware makiyayu fiye da 400, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba, burtalin da kakanni suka shata kuma, da yake a ƙwaƙwalwar dattawa kawai yake, sai ya riƙa tsukewa duk damina har ya ɓace. Ba na cewa rashin taswira shi kaɗai ne ya jawo zubar da jinin da muke gani tsakanin manoma da makiyaya, domin akwai yawan jama'a da fari da rashin adalcin mahukunta da bazuwar makamai. Amma duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu ya san cewa rigimar takan faro ne daga gardamar ko nan hanya ce ko gona, kuma ba mai takardar da zai nuna.

Wanda yake ganin hanyar ƙafa wasan masu ƙoshi ce, ya dubi abin da ya faru a 2001. A watan Fabrairu na shekarar cutar baki da kofato ta ɓarke a dabbobin Birtaniya, aka hallaka fiye da dabba miliyan 6, kuma Cumbria ce ta fi kowane yanki jin jiki. Don hana yaɗuwar cutar sai aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara, daidai lokacin da baƙi suka saba fara zuwa. Tafkunan suna nan, tsaunukan ba su gusa ba, titunan mota a buɗe, amma baƙi suka ɗauke ƙafa. Masaukai suka zama kango, masu abinci da masu jiragen ruwa da masu kantuna suka sallami ma'aikata. Da aka zo lissafi daga baya sai aka tarar asarar da harkar baƙi ta yi a ƙasar ta zarce wadda harkar noma ta yi nesa ba kusa ba. Tun daga nan ba a sake gardamar cewa 'yar siririyar hanyar nan ita take ɗauke da tattalin arzikin yankin ba.

Kada kuma a ce na mai da wurin aljannar duniya, domin yana da nasa ciwon. Ƙafafun miliyoyin mutane da ruwan sama mai yawa sun zaizaye hanyoyin kan tsaunuka har wasu suka zama kwazazzabai, abin da ya sa tun 2001 aka kafa wani shiri mai suna Fix the Fells, inda ma'aikata da 'yan sa kai suke jera duwatsu da hannu, wani lokaci sai jirgi mai saukar ungulu ya kai musu duwatsun. A Disamban 2015 guguwar da aka laƙaba wa suna Desmond ta zubar da ruwa milimita 341 cikin awa 24 a Honister, ta tafi da gadar Pooley Bridge da aka gina tun 1764, ta kuma karya hanyar da ta haɗa Keswick da Threlkeld, wadda ba a sake buɗewa ba sai a ƙarshen 2020. Tafkin Windermere kansa ya sha fama da ƙazantar bayan gida da ake sakar masa, har a 2022 gansakuka ta mai da ruwansa kore, a 2024 kuma aka fallasa yadda miliyoyin litocin ƙazanta suka kwarara cikinsa. Attajiran birane sun saye gidajen ƙauyuka sun mai da su na hutu, 'ya'yan makiyaya sun kasa samun wurin zama a garin iyayensu. Akwai kuma masana muhalli da suke ganin tumakin sun yi yawa, sun cinye tsiron da zai zama daji. Duk da haka abin lura shi ne ana yin waɗannan gardandami a fili, da alƙaluma, kuma mutanen da suke bin hanyoyin nan kullum su ne suke fara ganin ɓarna su yi kururuwa. Wurin da jama'a ba sa shiga, ba mai ganin ranar da aka lalata shi.

Tsakaninmu da wannan yanki akwai wata alaƙa da ta wuce ta misali, ita ce ta tsuntsaye. Kamar yadda manominmu yake duban isowar shamuwa ya san damina ta kusa, haka su ma suke duban tsuntsayen da suke komo musu a Maris da Afrilu, kuma da yawansu daga Afirka ta Yamma suke tasowa. Wani shaho mai kamun kifi da suke kira osprey ya koma yin sheƙa a bakin tafkin Bassenthwaite a 2001 bayan ya ɓace daga yankin fiye da shekara 150, kuma irinsa a ƙasashen Senegal da Gambiya suke cin hunturu. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka wayi gari wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi 60 cikin 100 a shekara guda, da aka bincika sai aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya kashe su, wato farin nan da ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 wadda dattawanmu ba su manta ba. Fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin manyan masaukan tsuntsayen Turai a wannan nahiya, shi ya sa tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000. Amma tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da take ciyar da fadamun ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe magudanai. Bature yana tafiyar awanni ya tsaya da madubin hangen nesa don ya ga tsuntsun da ya baro ƙasarmu, mu kuwa ɗalibai nawa ne a Kano ko Dutse ko Damaturu aka taɓa kai su Dagona su gan su a inda suke yini dubbai?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa: mutanen da suke fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, har wasu dazuzzukanmu sun gagari jami'an tsaro balle mai yawon shan iska, ina su ina zancen tattaki a bakin tafki? Amsata ita ce waɗanda suka hau Latrigg da Kinder Scout ba masu ƙoshi ba ne, kuma dokar 1949 an yi ta ne shekara huɗu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake raba wa Ingilishi abinci da kati. Sun fahimci cewa fili ba ya jiran a yi arziki, wanda aka yanka aka gina ya tafi ke nan. Mu ma shaidu ne, mun ga yadda aka cinye badalar Kano aka cike kududdufanta, mun ga yadda gine-gine suka kewaye Dala da Goron Dutse. Ni kaina na taɓa kai yara bakin wata madatsar ruwa da muka saba zuwa muna ɗalibai, muka tarar an ja waya tun daga titi har bakin ruwa, mai gadi ya ce gonar wani babban mutum ce, masuntan ƙauyen ma sai sun yi zagayen kusan awa guda kafin su kai ga kwale-kwalensu. Wanda ya fara cutuwa da toshe hanya ba mai yawon shaƙatawa ba ne, masunci ne da makiyayi da matar da take ɗibar ruwa.

Saboda haka shawarata ga majalisun jihohinmu ba ta bukatar biliyoyin naira. A yi dokar da za ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma, tare da hakimai da dagatai da ardo-ardo, ta bi burtali da mashaya da hanyoyin zuwa bakin tafki da madatsa da duwatsun tarihi, ta zana su a taswira tun dattawan da suka san iyakokin suna raye, a ajiye kwafi a kotu da fadar hakimi inda kowa zai iya gani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni a matsayin amana, don haka suna da ikon su hana ba da takardar mallaka a kan duk filin da ya haɗiye hanyar jama'a, su kuma keɓe wata tazara daga bakin kowane ruwa wadda ba mai shinge ta. Jami'o'inmu suna da sassan nazarin ƙasa cike da ɗaliban da suke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga kuma na'urar auna wuri a cikin kowace wayar hannu. Lokacin tattakinmu ba bazara ba ne, kaka ce da hunturu, daga Oktoba zuwa Fabrairu, sa'ad da gari ya yi sanyi, tafkuna suke cike, baƙin tsuntsaye suka sauka, kuma makarantu suna iya tsara fita a wuraren da tsaro ya samu.

Mu kuma ma'aikata da 'yan boko, da likitoci suke ta yi mana gargaɗin hawan jini da ciwon sukari saboda zaman ofis da mota, babu abin da zai hana mu kafa ƙungiyoyin tattaki a garuruwanmu, mu san duwatsu da fadamun da ke kewaye da mu, wani a cikinmu ya ɗauki alƙalami ya rubuta su da Hausa kamar yadda ma'ajin Kendal ya yi wa nasu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma burtali da mashaya da hurumi tsari ne da kakanninmu suka san shi tun kafin zuwan Bature, abin da ya rage mana shi ne mu sa shi a takarda mu tsaya a kansa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar ƙasa, mu kuma Ya ba mu ikon tuna musu.